Kan Akwatin Maɗacin da Aka Ba Ka Ka Rubuta Bayaninsa

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, na karanta saƙonka game da akwatin da aka kawo gidan adana kayan tarihin da kake aiki, da tambayarka ko ya dace ka rubuta a jikin katin bayani cewa wanda ya yi shi tsohon ɗan fashi ne.

Mu da muka girma a nan Bauchi mun san marigayin, mun san irin tsoron da sunansa ya taɓa jefawa a zukata, mun kuma ga yadda ya fito daga gidan yari da gizago da zarto, ya zauna a rumfa har tsufa bai ƙara ɗaukar ko allurar wani ba. Kafin ka ɗauki alƙalami, ka buɗe akwatin ka dubi kusurwoyinsa. Babu ƙusa ko ɗaya. Katakon maɗaci ne ya fere bakinsa ya shiga cikin ɗan'uwansa, dagin da ke kan murfin kuma da hannu ya sassaƙa shi, har sawun ƙarfen na nan a gefen da ba a goge ba. Wannan ƙwarewa ce ta kai akwatin wurinku, saboda haka ita za ka fara faɗa: sunansa, irin itacen, da yadda aka haɗa shi.

Ban ce ka ɓoye inda ya koyi sana'ar ba, domin hakan ha'inci ne ga tarihi, kuma tun 2019 da dokar ƙasa ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali, ana buƙatar shaidar cewa gyaran yana yiwuwa. Jumla ɗaya ta isa. Lissafa laifuffukansa kuwa ba aikinka ba ne, kotu ta gama da wannan, kuma an ruwaito daga Annabi (SAW) cewa wanda ya tuba daga zunubi kamar wanda ba shi da zunubi ne. Yana da 'ya'ya mata a gidajen aure da jikoki a makaranta, waɗanda wata rana malamansu za su kawo su kallo. Ka je ka karanta wa babban ɗansa abin da ka rubuta kafin a manna shi.

Ka kuma gaya wa shugabanninka kada a ajiye akwatin a ƙasa saboda gara, a kuma nisanta shi da taga, domin iskar hunturu tana tsaga katako.

Mahaifiyarka tana gaishe ka.

Mahaifinka,
Bauchi.