Zuwa ga aminina a Yola: labarin tafkin Atitilan

Yauri, Jihar Kebbi

Assalamu alaikum.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Yaya ruwan Binuwai bana? Mu nan alhamdu lillahi, yau kwananmu goma sha biyu da dawowa. Masu zuwa sannu da hanya sun ɗan tsagaita, shi ne na ce bari in cika maka alkawari.

Ka san 'yarka da ke Amurka ita ta matsa sai mun je ganin jika. Da muka je, ita da maigidanta suka sa mu a jirgin ruwa na yawon buɗe ido, irin wanda ke kwana yana tafiya, gari ya waye ya tsaya a wata ƙasa. Labarin jirgin da na mashigin Panama sai mun haɗu. Na yini ɗaya zan ba ka, don shi ne ya tsaya mini a rai.

Mun tsaya da sassafe a tashar Puwato Ketsal, ƙasar Gwatemala. Bas ta kwashe mu, kusan awa uku muna tafiya. Da farko zafi da gonakin rake, daga nan hanya ta fara hawa tana murɗawa ta cikin gonakin kofi, har kunnuwana suka toshe, Hajiya ta ja mayafi saboda sanyi. Muna shan wata kwana sai ga ruwa can ƙasa, shuɗi kamar an zuba baba, duwatsu uku masu aman wuta sun tsaya a bakinsa: Atitilan, Toliman da San Pedro. Babu abin da ya fito bakina sai tasbihi.

Tafkin yana kan tudu, sama da mita 1,500 daga teku. A faɗi, Kainji ɗinmu ya ninka shi kusan sau goma. Amma zurfinsa ya kai wajen mita 340. Kai da ka san gora da tuƙi, ka auna wannan. Asalinsa ramin da ƙasa ta rufta ne bayan wani gagarumin aman wuta kimanin shekara 84,000 da suka wuce, ruwa ya taru a ciki. Kuma babu kogin da ke fita daga cikinsa, sai dai ya tsiyaye ta ƙarƙashin duwatsu. Duk abin da aka zuba masa, yana nan a cikinsa.

Garin da muka sauka Panahacel ne. Akwai wani dogon titi, Santanda, da ya gangara har bakin ruwa, cike da 'yan tireda. Mutanen wurin ƙabilun Maya ne, suna da yarensu ban da Sifaniyanci. Matansu na goyo da zane, suna ɗaukar kaya a ka, suna saƙa da masaƙar da ake ɗaurawa a ƙugu. Tuwonsu masara ce, sai dai faɗaɗa ta suke yi da tafin hannu su gasa a kan tanda. Na ga tulin albasa har na ce da Hajiya ko mutanen Aliero sun rigaye mu zuwa.

Mun shiga jirgi mai inji muka ɗan zaga. Matuƙin ya ƙirga mu, ya miƙa wa kowa rigar ruwa, ya ce mu yi sauri don da rana ta take iska na tasowa, suna kiranta Shokomil, tana ta da igiya mai ƙarfi. Ina ɗaura rigar nan mutanenmu na Wara suka faɗo mini, waɗanda jirgi ya nutse da su a 2021. Allah ya jiƙansu da rahama.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na hango wani dattijo shi kaɗai a ɗan kwalekwalen katako yana jefa ƙugiya, zamansa sak na Baba, Allah ya gafarta masa. Na tambayi ɗan rakiyarmu wane kifi ake kamawa, 'yarka tana yi mini tafinta. Sai ya kawo labarin da na riƙe. A 1958 aka kawo wani baƙon kifi mai cin 'yan uwansa, ana ce masa bas, aka zuba a tafkin don masu kuɗi su riƙa zuwa kamun nishaɗi. Kifin ya bi ƙananan kifaye da ƙaguwa ya cinye. A tafkin kuwa akwai wani tsuntsun ruwa mai kama da ƙaramar agwagwa, ba ya tashi sama, kuma duk duniya babu shi sai nan. Suna ce masa pok. Abincinsa ya ƙare, har 'ya'yansa kifin ke haɗiyewa. Ana cikin haka girgizar ƙasa ta 1976 ta sa ruwan ya ja da baya wajen mita 2, ciyawar bakin ruwa da yake sheƙa a ciki ta ragu, masu gine-gine da masu yankan ciyawar suka ƙarasa. Tun 1989 ba a sake ganin ko ɗaya ba.

Malam, tun a bas ɗin komawa nake tambayar kaina: yaushe rabona da ganin ayu? Ka tuna muna yara, kafin dam ɗin Kainji na 1968 ya canza mana kogi, yadda manya ke hirar ayu da dare kamar maƙwabci. Jikokina ba su san kamanninsa ba. Giwan ruwan da sai mutum biyu sun ɗauka, yanzu in an kama guda sai gari ya taru kallo. Ina ganin taru mai ƙananan ido yana kwashe kifi tun bai kai tsawon yatsa ba, kuma har yau ana samun mai zuba gamalin, maganin ƙwari mai guba, a ruwa. Masuntanmu ba mugaye ba ne, yunwa ce da tsadar rayuwa. Amma abin na ci mini rai ƙwarai. Su can baƙon kifi ne ya yi musu ɓarna, mu da hannunmu muke yi.

Na kai wa Sarkin Ruwa gaisuwa na ba shi labarin, ya yi shiru ya daɗe. Ya ce in an tara masunta bayan kaka zai so in maimaita a gabansu. Kai ka yi aikin kifi shekara da shekaru, ka fi ni sanin abin da ya kamata a faɗa game da faɗin idon taru da lokacin da kifi ke ƙwai. Don Allah ka rubuto mini, in kuma jiki ya yarda ka zo da kanka.

Awa uku kacal muka yi a bakin tafkin, muka haɗa azahar da la'asar, aka kaɗa mu mota don jirgi ba ya jiran kowa. Hajiya ta sayo wa Hajiyarka saƙaƙƙen mayafi, za mu ba direban da ke zuwa Yola ƙarshen wata.

A gaishe da mutanen gida duka.

Naka amini,
daga Yauri