'Yarki ta fara zaman fo

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Ingila, ya angon naki da mijina ƙarami? Na san kin cika kin batse, wata uku shiru. Ki yafe ni, jego ne.

Albishirinki! 'Yarki kwana huɗu ke nan ba ta ɓata famfas da rana ba, alhali watanta uku da 'yan kwanaki. Aikin Goggo ne. Tun washegarin suna ta fara: ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafafu, ta ɗora yarinyar a kansu tana tallafe da wuyanta, tsohuwar roba a ƙasa, sai ki ji tana "ssss, ssss" kamar mai korar kaji. Ni kuwa ina ta mita, wai wannan ɗanyen goyo me ta sani? Goggo ta ce haka ta yi wa yara tara, har da maigidan da nake yanga da shi yanzu.

Ashe yarinyar tana faɗa, ni ce ba na ji. In ta farka daga barci, fitsari ne. In tana shan nono ta saki, ta yi tsit, ta yamutsa fuska da ɗan nishi, to babban ne ke tafe. Yanzu ƙaramin fo nake riƙe ta a kai, don ba ta iya zama ba tukuna. Kurajen da zafi ya feso mata a matsematsi duk sun baje, fakitin da ke ƙarewa a mako guda yana kai mu uku. Da dare dai famfas ne, ba zan kashe kaina ba.

Kada ki ce ban sha wuya ba. Ranar kamun ƙanwar maigida 'yarki ta wanke min sabon leshi a gaban dangin miji, Goggo har da tafi. Zanin salla ma daban na ware.

Af, amaryar nan ta gidan ƙasa ta yi yaji karo na biyu, wai a kan injin markaɗe! Sai mun yi waya.

Ke kuma likitocinku na can sun ce a jira yaro ya doshi shekara biyu ya nuna ya shirya, ko? Mijin nawa ga baki kamar rediyo, amma har yau da ƙunzugu. Ki gaya masa na fasa auren. Ko in sa miki Goggo a jirgi?

Ki turo man shafawar nan, nawa ya ƙare.

Taki har kullum,
Maman Auta