Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Tambayar Nawa Turawa Suka Biya Ni

Malam, assalamu alaikum.

Tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a ta iso, kuma da yake a fili ka yi ta, a fili zan amsa. Ka ce a laccar da na gabatar kan shigowar Turawa na faɗi cewa da izini suka zo, don haka in gaya wa duniya nawa aka biya ni na wanke su. Ka ƙara da cewa bindiga ce ke cin gari, takarda ba ta ci, kuma in har takardar izinin fadar Ingila ce hujjata, to in fito in kira BBC da Jami'ar Kambirij kamfanonin mulkin mallaka, tunda irinta suke riƙe da ita.

Zancen biyan ne ya fi yi mini ciwo. Waɗanda suka zauna a ajina, har da wasu da ke tafa maka yanzu, sun san irin abin da nake faɗi a kan mulkin mallaka tun kafin zaginsa ya zama hanyar tara mabiya a Facebook. Abin da na ce shi ne, ranar 10 ga Yuli, 1886, Sarauniya Biktoriya ta ba Kamfanin Neja na George Goldie takardar izinin mulki. Da ka haƙura ka saurari jimlar da ta biyo baya, da ka ji na tambayi jama'a: izinin wa, kuma a kan ƙasar wa? Sarauniya ba ta da ko taku ɗaya a Sakkwato ko Gwandu ko Nufe. Mai bayanin yadda ɓarawo ya haura katanga ai ba gaskiya ya ba ɓarawon ba.

Ita wannan takarda, sarkin Ingila ne ke bayar da ita bisa shawarar majalisar mashawartansa, kuma aikinta shi ne ta mayar da taron mutane jiki guda a idon shari'a, ta yadda zai mallaki dukiya da sunansa, ya kai ƙara, a kai shi, ya kuma ci gaba da wanzuwa bayan mutuwar waɗanda suka kafa shi. Da ita garuruwan Ingila na dauri suka sami ikon cin kasuwa da zaɓen shugabanninsu, da ita aka kafa Bankin Ingila a 1694, kuma da irinta Nairobi ta zama birni a 1950. Ƙarfinta duka daga ikon mai hatimin yake fitowa, saboda haka a ƙa'ida iyakarta iyakar ƙasarsa. Goldie ya san da haka, shi ya sa tun a 1885 kamfaninsa ya aika Joseph Thomson wurin Sarkin Musulmi Umaru da Sarkin Gwandu, ya dawo da yarjejeniyoyin da aka nuna wa Landan a matsayin shaidar cewa an sallama wa kamfanin iko a gaɓar Kwara da Binuwai. Sarakunanmu kuwa, a wurinsu baƙin fatake ne aka yi wa izinin ciniki, suna kawo kuɗin wuri duk shekara.

Yanzu mu zo kan cewa takarda ba ta cin gari. Gaskiya ne ba takarda ce ta fasa Bida da Ilori a 1897 ba, sojojin kamfanin ne da bindigoginsu. Amma me ya ba kamfanin 'yan kasuwa damar tara sojoji, da kafa kotu a Asaba, da karɓar kuɗin fito a kan kogi, ba tare da gwamnatinsa ta kira shi ɗan fashi ba? Takardar ta haramta masa kame kasuwa shi kaɗai, sai ya bi ta hanyar haraji da lasisi ya kori kowa, har mutanen Nembe da aka toshe wa hanyar abinci suka far wa sansaninsa na Akassa a 1895. Da sunan wannan kamfani Lugga ya tafi Nikki a 1894 don ya riga Faransawa sa hannu da sarkin Bargu. Kuma da hujjar yarjejeniyoyin nan ne Ingila ta zauna da Faransa a 1890 suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barwa a tafkin Cadi, layin da bayan gyare-gyare ya bar Katsina a wata ƙasa, Maraɗi a wata, shekara 13 kafin a ci Kano da Sakkwato. Idan kana da dangi a Damagaram, Malam, ka tambaye su ko takarda tana da tasiri. Da gwamnatin Ingila ta karɓe izinin, har Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja ranar 1 ga Janairu, 1900, sai da ta biya kamfanin fam 865,000, ta kuma bar masa rabin kuɗin haƙar ma'adinai a wani babban yanki na tsawon shekara 99. Ga amsar tambayarka ta wanda aka biya da nawa aka biya shi, sai dai sunana ba ya cikin lissafin.

Batun BBC da Kambirij bai kai a daɗe a kansa ba. Ƙwarai, Kambirij ta sami tata daga Sarki Henry na Uku a 1231, BBC kuma a 1927, ana sabunta mata lokaci-lokaci. Hatimin iri ɗaya ne, abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa ne ya bambanta, kuma ban taɓa jin an ba gidan rediyo izinin yaƙar Etsu Nufe ba.

Abin da ya fi damuna ya wuce ni da kai. An ɗauki shekaru an cire darasin tarihi daga makarantun firamare da ƙananan sakandare na Najeriya, ga shi yau muna da matasa masu kishi na gaske waɗanda suka san sunan Lugga amma ba su taɓa jin na Goldie ba, suna wuce gine-ginen UAC ba su san cewa daga wancan kamfani ya samo tushe ba, bayan kamfanin Lever ya sayi Kamfanin Neja a 1920. Irin waɗannan matasa kake tara wa, kana koya musu cewa duk wanda ya buɗe takardun Turawa ya karanta to yaronsu ne. Ban san kujerar da kake hange ba, Allah ya sa alheri, amma kada ka hau ta ta kan mutuncin malamin makaranta.

Laccar tana nan an naɗe ta daga farko har ƙarshe. Ina roƙonka, ranka ya daɗe, ka saka wa mabiyanka ita cikakkiya, a daidai wurin da ka saka guntun da ka yanko. In kuma kana da shaidar ko sisin kwabo da aka ba ni, ka haɗa da ita.

Wassalam.