Wasiƙar Godiya ga Likita da Ma'aikatan Asibitin Fata da Suka Yi Mini Aikin Tabon Fuska

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Likita, da Sista mai kula da ɗakin aiki, da 'yan matan da ke karɓar marasa lafiya a bakin ƙofa, har da Baba maigadi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina yi muku sannu da aiki.

Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne domin wadda na yi muku baki da baki ba ta ishe ni ba. Ban da haka, mata da dama a nan Kano, a wurin aiki da gidajen biki, suna tare ni da tambaya a kan gyaran fata da ake yi da ƙananan allurai masu ɗauke da zafin igiyar rediyo, wanda masu abin ke kira maikronidilin. Ina so su ji yadda ake yin sa a hannun waɗanda suka san aikin.

Ƙurajen fuska sun dame ni tun ina budurwa. Da suka tafi sai suka bar mini ramuka a kumatu biyu, kamar zanzana, irin waɗanda hoda ba ta ɓoyewa, sai ma ta ƙara fito da su. Dilka da kurkum da halawa duk suna da amfaninsu, suna sa fata laushi da sheƙi, amma rami ba ya cikewa da abin da aka shafa a sama. Kafin in zo wurinku na leƙa wani shagon gyaran jiki da ke tallar irin wannan na'ura. Ko minti biyar ban yi ba aka ce in kwanta a fara, an ma yi mini ragi idan na biya a take. Ba wanda ya tambaye ni ko ina da wata cuta. Jikina bai ba ni ba, na fito.

Likita, abin da ya fara shiga raina a wurinki shi ne ranar farko ba ki taɓa na'ura ba. Tambayoyi kika yi ta jero mini. Ko ina da juna biyu, ko an saka mini na'urar daidaita bugun zuciya ko wani ƙarfe a fuska, ko ina shan maganin tsinka jini, ko na sha maganin ƙuraje mai ƙarfin nan isotiretinoyin a watannin baya, ko zazzaɓi yana fito mini da ƙuraje a gefen leɓe. Kika duba hujin kunnuwana da wani tsohon tabo a gwiwar hannuna, domin ki ga ko jikina irin mai yin tabo mai tudu ne, wato kiloyid, wanda ya fi yawa a cikinmu baƙaƙen fata. Kika ce da kin ga alamarsa da ba za ki yi mini aikin ba ko nawa zan biya. Sannan kika tambaye ni man da nake shafawa, kika ce in kawo kwalaben ki karanta da idonki. A nan na fahimci dalili. Mayukan bilicin da ake haɗawa a kasuwa da yawa suna ɗauke da sitiroyid da haidirokwinon, suna sa fata ta yi siriri ta kasa warkewa da wuri, har su jawo nankarwa da sababbin ƙuraje. Matsalar ta kai hukumar NAFDAC ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan bilicin a 2023. Kika ce duk wadda ke kan irin wannan mai sai ta daina, fatarta ta farfaɗo, kafin allura ta kusance ta.

Ni ma sai kika ɗage mini aikin, saboda akwai sauran ƙuraje masu rai a haɓata, kuma soka allura a cikinsu yaɗa ƙwayar cuta ne. Kika rubuta mini magani mai sauƙin kuɗi, kika ce in dawo idan sun kwanta. A wannan zamani da kowa ke neman ciniki, ki mayar da mai kuɗi a hannu gida don lafiyarta, wannan abu ya girmama ki a idona ƙwarai.

Bayanin da kika yi mini kuwa har yau ina maimaita shi ga mutane, domin da Hausa kika yi shi, a tsanake, da zane a takarda. Fata hawa-hawa ce. Akwai ta sama mai ɗauke da launi, akwai ta ƙarƙashinta inda zaren kolajin da ilastin suke, su ne ke riƙe fata ta tsaya da ƙarfinta. Tabo mai rami yana samuwa ne idan kumburin ƙurji ya cinye wannan zare. Bakin na'urar yana da allurai sirara jere, ana saita zurfin da za su shiga, daga rabin milimita zuwa wajen milimita 3.5, gwargwadon kaurin fatar wurin, shi ya sa saitin goshi daban, na kumatu daban. Idan sun kai zurfin da ake so sai su saki zafi a can ciki na ɗan ƙiftawar ido. Jiki ya ɗauki wannan a matsayin rauni, sai ya tashi gyara, ya saƙa sabon kolajin, ramin ya riƙa tasowa a hankali. Inda na fi natsuwa shi ne batun launi. Kika ce wasu na'urorin leza haskensu launin fata yake bi, don haka mai duhun fata yana iya ƙonewa ko ya tashi da baƙin tabo. Igiyar rediyo ba ruwanta da launi, kuma allurar da kika zaɓa mini jikinta a rufe yake, bakinta kawai ke fitar da zafi, saboda haka fatar sama tana tsira. Kika nuna mini ma'aunin Fitzpatrick, wanda wani likitan fata na Amurka ya fitar a 1975, da ya kasa fatar mutane gida 6, kika ce yawancinmu a na 5 da na 6 muke, kuma da wannan ake auna ƙarfin da za a ba na'ura.

Ba ki ɓoye mini haɗarin ba. Ke da kanki kika gaya mini cewa a watan Oktoba na 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi a kan wannan aiki, bayan rahotannin ƙuna, da tabo, da narkewar kitsen fuska, da lahani ga jijiya. Hukumar ta ce aikin likita ne, kada a yi shi a gida. Kika kuma ce kada in sa ran fuskar jariri. Ramukan za su ragu, su yi laushi, wasu ba za su ɓace gaba ɗaya ba. Yawanci ana yin zama 3 zuwa 4, tsakanin kowanne mako 4 zuwa 6, kuma cikakken sakamako sai bayan wata 3 zuwa 6. Wanda ya faɗa maka iyakar abin da zai iya tun kafin ka biya, shi ne za ka iya miƙa wa fuskarka.

Sista, ke ma ina da taki godiyar ta musamman. Kowane zuwa a gabana kike yage ledar sabon bakin allura, ki nuna mini ranar ƙarewar wa'adinsa, bayan an gama kuma a gabana kike jefa shi a akwatin zubar da allurai. Wasu za su ga ƙaramin abu ne. To a 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mata 3 da ake kyautata zaton sun kamu da cuta mai karya garkuwar jiki a wani shagon gyaran fuska marar lasisi a jihar New Mexico, inda ake aikin allura da jini ba tare da tsafta ba. Ga kuma ciwon hanta da ya yi yawa a ƙasarmu. Ganin wannan tsafta taki ya sa nake kwanciya hankalina kwance. Ke ce kike shafa mini man kashe zafi ki bar shi ya kama sosai, ke ce kike riƙe hannuna idan an zo kan ƙashin muƙamuƙi inda ya fi zafi, kina cewa "Hajiya, saura kaɗan." Da na tambayi yadda zan yi da sallah tunda ba a son a jiƙa fuska nan take, sai kika ce in riƙa zuwa da alwalata da hantsi, in yi Azahar da ita, daga baya in zuba ruwa mai tsafta a hankali ba tare da cuɗawa ba. Wanda ya san rayuwarmu ne kawai zai tuna da wannan.

Bayan kowane zama fuskata takan yi zafi-zafi ta ɗan kumbura na kwana biyu, sai ƙananan ɓawo su fito su zube da kansu. Kuka hana ni ɓantara, kuka hana ni hoda da sabulu mai kaifi na 'yan kwanaki, kuka dage a kan man kare rana mai lamba 30 ko sama da haka, har a lokacin hunturu da hazo ya rufe gari. Washegarin aiki kuma sai waya ta shigo daga wurinku ana tambayar yadda na kwana. Lokacin da wani ɗan wuri a kumatuna na hagu ya fara duhu, kuka ce in zo, Likita ta duba ba tare da an karɓi ko sisi ba, ta ba ni abin shafawa, ta rage ƙarfin na'ura a zama na gaba, kuma ya washe.

Yau ramukan sun ragu sosai, fatar ta cika, launina kuma yana nan yadda Allah Ya halicce ni, wanda shi ne babban abin da na roƙa tun farko.

Ina da roƙo biyu. Aikin yana da tsada, kuma na san na'urar da bakin allurar daga waje ake shigo da su, amma da za ku buɗe hanyar biya kaɗan-kaɗan da kun ceci 'yan mata da yawa daga faɗawa hannun masu araha. Na biyu, takardar kula da fata bayan aiki da kuke bayarwa da Turanci take. Ku buga ta da Hausa, yadda uwa a gida za ta karanta ta taimaka wa 'yarta. Ga 'yan uwana mata masu tambaya kuma, duk inda za ku je ku nemi ganin shaidar rajistar likitan da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, kamar yadda na ga ta wannan asibiti a rataye a bango.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara basira, Ya albarkaci sana'arku da iyalanku, Ya jiƙan magabatanku.

Wassalam.

Taku mai godiya,
wata malamar makaranta daga Kano