Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Shirin Naɗa Kwamitin Riƙon Ƙwarya

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka.

Mu talakawanka ne, dattawa da manoma da 'yan kasuwa da mata da matasan ƙauyukan ƙasarka. Mun kawo kukanmu gare ka domin kai ne uban ƙasa, ta bakinka maganarmu ke isa fadar Mai Martaba.

Wa'adin ciyaman da kansilolinmu ya kusa cika, har yau kuwa ba mu ji an sa ranar zaɓe ba. Abin da ake ta faɗa a tasha da teburin mai shayi shi ne kwamitin riƙon ƙwarya za a naɗa, har ana kiran sunaye.

Ranka ya daɗe, mun taɓa ganin irin wannan. Wancan karon cewa aka yi wata uku za su yi. Aka yi ta sabunta musu, damina ta tafi ta dawo ta same su a kujera. A lokacin ne burtsatsen bakin kasuwa ta lalace. Sau uku muna kai takarda sakatariya, sau uku masinja na ce mana kantoma yana birni. Yaranmu mata suka koma ɗibar ruwan kududdufi da jarka tun asuba, wasu har suka daina zuwa makaranta. Takin gwamnati kuwa sai labarinsa muka ji, bayan gero ya yi bununi.

Kansila ko ba komai ɗan gida ne. Muna haɗuwa da shi a masallacin Juma'a da wajen jana'iza, ya kuma san zai dawo neman ƙuri'a. Wanda aka naɗa kuwa, wanda ya naɗa shi kawai yake jin tsoro.

Doka ma tana bayanmu. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da gwamnatin tarayya ta shigar a kan jihohi 36: a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma wadda ba ta da zaɓaɓɓun shugabanni ba ta cancanci kason ba. Fargabarmu ke nan. Idan kuɗi suka tsaya, malaman firamare da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi ne za su fara ji a jikinsu, sannan mu.

Muna roƙonka ka isar wa Mai Martaba, shi kuma ya yi magana da hukuma, a sa hukumar zaɓe ta jiha ta fitar da rana kafin wa'adi ya cika. Idan kuma kwamitin tsara miƙa mulki da duba ayyuka ake son kafawa, ba mu ƙi ba. Amma a bar kowace gunduma ta fitar da mutuminta a gaban dagaci, ido na ganin ido, a sa mata a ciki, a karanta sunayen a rediyo tare da ranar saukarsu, kuma kada a danƙa musu asusu.

A shirye muke mu turo wakilai fada duk ranar da ka sa mana.

Allah ya ƙara maka lafiya da nasara.

Talakawanka,
Al'ummar ƙauyukan ƙasarka
(sa hannu da dangwalen yatsa na biye)