Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni da wace wuta za a yi cajin babura

Assalamu alaikum, Alhaji.

Tambayarka ta iso ni ta hannun mutane da yawa, domin a bainar jama'a ka yi ta, kuma an yi ta tura ta a wayoyi daga Garwa har Marwa, a nan arewacin Kamaru. Ka ce garin da fanka ba ta iya kwana tana juyawa, da wace wuta zai yi cajin motoci da babura masu lantarki? Da a nan ka tsaya, da na tako har zaurenka mun gaisa mun yi maganar a kan tabarma. Sai ka ɗora da cewa wai ni ɗan kamasho ne, an ba ni na goro in ruɗi 'yan acaba su sayar da baburansu su sayi abin da ba zai tashi ba. Wannan ce ta yi mini ciwo, kuma da ita zan fara.

Ba ni da babur ko ɗaya na sayarwa, ba ni da ko dala a wurin masu shigo da su. Sana'ata jan waya da haɗa sola, kuma a kan falwaya na yi furfura. Ka aika a tambaya a Yelwa, a Fulɓere, a Rumde Ajiya, ko akwai gidan da na taɓa saka wa siririyar waya na karɓi kuɗin mai kauri. Kai kanka ka san aikina, don ni na ja wayar gidanka, kuma ba ka taɓa dawo da ƙorafi ba. Abin da ba ka gaya wa masu karatunka ba shi ne cinikinka na fetur ne, kuma rabin yaran da ka ce kana tausaya wa a wurin masu jarkokinka suke shan mai kullum safe. Ban ce neman halal laifi ba ne. Amma wanda zai zargi wani da kare aljihunsa, adalci shi ne ya fara nuna wa mutane inda nasa aljihun yake.

Yanzu ga tambayar kanta. In kana nufin kowane mai mota a arewa ya koma ta lantarki ya jona ta bayan magariba, wutarmu ba za ta ɗauka ba, kuma ban taɓa cewa za ta ɗauka ba. Jihohin nan uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, layi ɗaya suke rabawa, kuma ƙashin bayansa madatsar Lagdo ce a kan Binuwai, wadda aka gama a 1982 da injina huɗu masu megawat 72 gaba ɗaya. Mutanen da take ciyarwa sun ninka tun daga lokacin, ita kuwa ba ta ƙaru ba, kuma duk shekarar da damina ta gaza sai ƙarfinta ya faɗi ƙasa da haka sosai. Mun gani a 2021, lokacin da aka riƙa raba mana wuta unguwa-unguwa ana cike giɓi da injinan gas na tashar Jambutu da ke nan Garwa. Motar lantarki tana cin kilowat-awa 15 zuwa 20, wato ma'aunin wutar da mita ke ƙirgawa, a tafiyar kilomita 100, na'urar caji mai sauri guda ɗaya kuma tana jan kilowat 50 ko fiye a lokaci guda. Taransifoman unguwa da ya riga ya yi zafi da fankoki da firji ba zai jure biyu ko uku irinta ba.

Abin da na faɗa a taron 'yan acaba maganar babur ce, kuma maganar rana ce. A nan ne ka haɗa abu biyu ka mai da su ɗaya. Batirin babur na haya bai wuce kilowat-awa 3 zuwa 4 ba, yana kuma kai mutum kilomita 70 ko fiye. Mu yi lissafi a fili, kowa ya duba da kansa. A ce babura 10,000 ne, kowanne ya ci kilowat-awa 4 a yini, jimla megawat-awa 40 ke nan. In aka baza cajin a kan awa takwas na hasken rana, nauyin da zai hau layi megawat 5 ne. Tashoshin sola na Marwa da Gidar an buɗe su a 2023 da megawat 15 kowacce, wato ɗaya daga cikinsu tana samar da fiye da wannan a yini guda. Wahalarmu ta fi tsanani ne daga magariba zuwa wajen ƙarfe goma na dare, lokacin da kowa ya kunna komai kuma rana ta faɗi. Da tsakar rana hasken yana nan a wadace, shi ne arzikin da Allah Ya ba wannan yanki ba da awo ba.

Shi ya sa na ce kada yaro ya kai babur gida ya jona a soket da dare. A yi rumfunan canjin batir, kowace da faifan sola a rufinta, a cika batura da rana, ɗan acaba ya zo ya ajiye wanda ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin minti kaɗan ya wuce. Haka ake yi a Kigali da Kwatano da Lome, ba ni na ƙirƙiro ba. Ruwanda ma ta daina yi wa sababbin baburan haya masu fetur rajista a Kigali tun Janairun 2025. Rumfa irin wannan ko layin gari ya mutu tana aiki, kuma batir ɗin da ke jere a cikinta ajiyar wuta ce.

Ka kuma duba abin da yaran nan suke ciki yau. Litar fetur a gidan mai ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta koma 840 a Fabrairun 2024. Zuwa-zuwa, fetur ɗin jarka da ake shigowa da shi daga Najeriya, da ke rufa musu asiri ta yi tsalle tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023, ka fi ni sanin wannan. Matatar Limbe ta ƙone a 2019, tun daga nan tataccen mai daga waje ake sayo shi. Tafiyar kilomita 100 a babur mai fetur tana cin wajen lita biyu da rabi, sama da sefa 2,000 ke nan. Wutar da za ta yi wannan tafiyar ba ta kai sefa 400 ba a farashin mita. Ka ninka ta sau uku saboda kuɗin batir da ribar mai rumfa, har yanzu yaron yana komawa gida da ragowa. Wannan ragowar ce kuɗin cefane da na makarantar ƙannensa.

Sauran abubuwan da ka jero ba za su ɗauke mu lokaci ba. Zafin Maris da Afrilu yana rage wa batir kwana, gaskiya ne, maganinsa inuwa da iska a wurin caji da kuma sayen batir mai kyau. Makanikai kuwa, yaran da suka koyi gyaran wayar hannu a bakin kasuwa ba tare da makaranta ba za su koyi wannan.

Abin da ya fi damuna a tambayarka, Alhaji, shi ne ta ɗauki duhun nan kamar gadon da aka bar mana, kamar ba wanda ya kamata a tambaya dalilinsa. An gama madatsar Nachtigal a kan kogin Sanaga, megawat 420, amma layin kudu da na arewa ba a haɗe suke ba, don haka wutarta ba ta iso mu. Akwai aikin babban layi da zai haɗa su ya wuce har Njamena, da kuɗin Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka, muna ta jiransa. Madatsar Bini da aka fara kusa da Ngaundere ta tsaya shekara da shekaru. Gwamnati ta rage kuɗin kwastan a kan motoci da babura masu lantarki a dokar kasafin 2025, kuma in muka zauna muna cewa mu ba mu isa ba, Duwala da Yawunde ne za su ci moriyar, mu a bar mu da jarka da hayaƙi. Masu injin niƙa, masu walda, masu sayar da ƙanƙara da matan da ke haihuwa da fitilar waya sun daɗe suna biyan kuɗin wannan jinkiri, tun kafin a ji sunan babur mai batir.

Kai mutum ne da ake jin maganarsa, kana zama da 'yan majalisa da manyan gari, ni ba na zama da su. Ka kai musu wannan tambaya taka da irin zafin da ka kawo mini ita: yaushe layin zai iso Ngaundere da Garwa, yaushe za a koma kan Bini, wa zai ƙara wa unguwanni taransifoma. In ka rubuta takardar, ni ne na farko da zai sa hannu a ƙarƙashin naka. Kalmar kamasho kuwa, ina roƙon ka janye ta a inda ka faɗe ta, domin ina da 'ya'ya da almajirai da suka karanta.

Wassalam, daga ƙaninka mai aikin lantarki a Garwa.