A tambayi mai injin niƙa kafin a tsara wutar ƙauye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in ja hankalin masu tsara harkar lantarki a jihohin Arewa.

Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi damar kafa hukumominsu na kula da wuta, kuma a Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin shirin DARES, wanda hukumar samar da lantarki a karkara ta tarayya (REA) ke gudanarwa don kai wuta karkara. Doka ta samu, kuɗi ma sun fara samuwa. Saura tsarin shekara goma zuwa ashirin, wato a fayyace ƙauyen da za a ja wa layi daga kamfanin rarraba wuta na Kano (KEDCO) ko na Kaduna ko na Yola, da wanda za a kafa wa ƙaramar tashar sola, da rugar da sola ta gida-gida za ta wadatar. A wannan gaɓar ake cewa za a ji ra'ayin jama'a, kuma a nan ake tafka kuskure.

An saba buga sanarwa da Turanci, a yi taro a otal a babban birnin jiha, a ce mai magana ya turo ta imel. Mutumin da ke nisan kilomita 40 daga tiransifoma ba zai ma ji labari ba. In kuma an je ƙauyen, sai a tara dattawa a ƙofar dagaci a ce, "Kuna son wuta?" To wa zai ce a'a?

Abin da injiniya ke buƙata shi ne lissafin abin da za a jona, da lokacin da za a jona shi. A ɗauki misalin ƙauye mai gida 200. Kowane gida da ƙwai uku masu wat 7 na awa biyar, fanka ɗaya mai wat 50 ta awa takwas, da cajin waya. Wannan kusan rabin yunit ne a rana, duk garin kuwa yunit 100. A yanayinmu kilowat ɗaya na faifan sola kan ba da yunit 4 zuwa 4 da rabi a rana bayan an cire asara, don haka kilowat 25 ya isa. Sai mai injin niƙa ya ajiye dizal ya sayi mota, wato injin da lantarki ke juyawa, mai kilowat 7.5. Aikin awa huɗu, yunit 30 ya tafi. In masu niƙa uku ne, sun kusa shanye abin da gari gaba ɗaya ke sha. Ba a nan ta tsaya ba: a daƙiƙun farko na tashi irin wannan mota kan ja wutar da ta ninka ta aikinta sau biyar zuwa bakwai, inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar sola irin wadda ake amfani da ita a gida, ta ga nauyi ya fi ƙarfinta ta yanke, gari ya yi duhu, a ce sola ba ta da ƙarfi. Da an san da shi tun farko, da an sa masa na'urar da ke tayar da mota a hankali, an kuma yi yarjejeniya ya riƙa niƙa daga ƙarfe goma na safe zuwa uku na rana, lokacin da wuta ke fitowa kai tsaye daga faifai ba daga batir ba. Haka mai walda, haka mai injin ban-ruwa a fadama.

Taron ƙofar fada kuma ba ya kai wa ga mata, alhali a hannunsu babban kaso na buƙatar yake. Mai zoɓo da kunun aya tana son firiza, mai ƙuli-ƙuli tana son markaɗe, mai ɗinki tana son keken lantarki. Sai an sa mata ma'aikata sun shiga gida-gida da takarda, sun rubuta abin da kowace ke da shi da abin da za ta saya in wuta ta zo. Ungozoma da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi su ma a ji ta bakinsu, domin firjin allurar rigakafi ba ya jiran gari ya waye. Layinsa daban ya kamata, wanda ba a yankewa in batir ya yi ƙasa.

A kuma tambayi lokacin da kuɗi ke shiga hannu. Manomi na da kuɗi da kaka, da damina kuwa komai ya tafi taki da ƙwadago. Buƙatar wuta ta fi yawa da bazara, musamman in azumi ya faɗo cikin zafi, ana neman ƙanƙara. Kamfanin da ya lissafa kuɗin shiga daidai wa daida kowane wata zai sha mamaki a watan Agusta. Mitar da ake saka wa kuɗi kafin amfani, wadda ke karɓar kuɗi kaɗan-kaɗan, ta fi dacewa, kuma a faɗi farashin yunit a bainar jama'a, a kwatanta shi da abin da mai niƙa ke kashewa a dizal.

Wurin kafa tashar ma mutanen gari suka san shi. Su suka san kwarin da ruwa ke kwanciya, da burtalin da shanu ke bi, da filin da ake rigimar gado a kansa. Ta fuskar aiki, tasha ta kasance kusa da kasuwa, domin layin bolt 415 in ya doshi kilomita ɗaya wuta kan raunana a ƙarshensa, fanka ta riƙa juyi kamar mai jin barci. Ɗakin batir yana son inuwa da iska, domin batirin dalma da aka ƙera don zafin digiri 25 rayuwarsa kan ragu da kusan rabi a duk ƙarin digiri 10, mu kuwa a Afrilu muna haura 40. Ƙurar hunturu na lulluɓe faifai ta rage wuta, saboda haka tun a takardar yarjejeniya a rubuta wanda zai riƙa wankewa, da inda zai samo ruwa, da wanda zai biya shi. Wannan ƙaramar magana ta kashe fitilun titi na sola da rijiyoyin burtsatse ba adadi.

Ina ba jihohi shawara su fitar da taswirar tsarin da Hausa, da Fulatanci da Barbarci inda ya dace, a karanta a rediyo, a liƙa a sakatariyar ƙaramar hukuma, a yi zaman a ranar kasuwa ba a tsakiyar shuka ba. Bayan wata uku a koma a karanta wa mutane abin da aka karɓa daga bakinsu da abin da aka ƙi, da dalili. Kowane ƙauye kuma a gaya masa shekarar da ake sa ran babban layi zai iso shi, domin mai zuba jari a sola ya san ko zai mayar da kuɗinsa, mai niƙa shi ma ya san ko ya sayar da injinsa na dizal ko ya ci gaba da riƙe shi.

Wassalam.

Wani injiniyan lantarki,
Kano